Charles Lwanga, Bafaden Da Ya Ƙi Miƙa Yaran Da Aka Ba Shi Amana

Jama'a masu sauraro, na cikin Basunda da ƙauyukanta, da na Galabat da Doka da birnin Gadarif, da waɗanda muryar nan ta iske a gona ko a rumfar kasuwa.  Yau shirin namu zai bi Farin Nilu ya yi kudu, ya wuce Kosti da Malakal da Juba, har ya kai babban tafkin da kogin ke fitowa daga cikinsa a ƙasar Yuganda. A can, cikin shekarar 1886, wani sarki ya sa aka ƙone samarin fadarsa da ransu. Shugaban samarin sunansa Charles Lwanga, kuma Ikilisiyar Katolika tana ƙidaya shi cikin waliyyanta shahidai. Na san mafi yawan masu saurarenmu Musulmi ne, wataƙila ma wani ya fara kai hannu zai murɗa rediyo. Ina roƙon a ɗan dakata, domin maganar ta shafi duk wanda ke da mai ba shi umarni a sama da kuma amanar wani a ƙarƙashinsa, wato kusan kowannenmu.

Masarautar da abin ya faru ita ce Buganda, sarkinta kuwa Kabaka ake ce masa. Tsarin fadarta ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Hakimai da manyan gari sukan aika 'ya'yansu maza fada tun suna ƙanana su yi wa sarki hidima, su koyi ladabi da sha'anin mulki, daga cikinsu ake fitar da hakiman gobe. Yaron da ya shiga fada ya zama na sarki, ransa da arzikinsa duk suna tafin hannun Kabaka. A zamanin Kabaka Mutesa na Farko addinai suka yi ta shigowa. Fataken Larabawa daga Zanzibar su suka riga kowa, suka kawo Musulunci tun kafin ya hau gado. Masu wa'azin Angilika daga Ingila suka iso a 1877. 'Yan Katolika Faransawa suka sauka a 1879 tare da wani limamin coci mai suna Siméon Lourdel. Yaran fada ne suka fi rungumar sabon ilimin, har mutanen gari suka laƙaba musu suna abasomi, wato masu karatu. Mutesa gwanin siyasa ne, ya iya haɗa wannan da wancan ya ci moriyar kowa. Da ya rasu a 1884, ɗansa Mwanga ya hau gado bai cika shekara 20 ba, ga zafin rai, ga tsoro fal cikinsa, ga kuma wata mummunar ɗabi'a da tarihi bai ɓoye ba: yana neman yaran fadarsa da lalata, a ƙasar da ba wanda ya isa ya ce wa Kabaka a'a.

Wanda ya fara shiga tsakanin sarki da yaran shi ne Joseph Mukasa Balikuddembe, babban bafaden cikin gida, ɗan Katolika. In sarki ya aika a kira wani yaro, sai Mukasa ya tura yaron wani aiki mai nisa. In ta kama kuma ya yi wa sarki nasiha a keɓe. A watan Oktoban 1885 Mwanga ya sa aka kashe wani bishop ɗan Ingila, James Hannington, wanda ya doshi masarautar ta gabas, ta ƙasar Busoga. Mukasa ya gaya wa sarki a gaban idonsa cewa bai kyauta ba, alhali Hannington ɗan Angilika ne, kuma a lokacin cocin biyu ba sa ga maciji da juna. Ranar 15 ga Nuwamba 1885 aka fille wa Mukasa kai aka ƙone gawarsa. A daren ranar Charles Lwanga, mai kula da yaran babban zauren sarki, ya tafi wurin limaman coci ya karɓi baftisma. Saurayi ne mai kimanin shekara 25, ƙaƙƙarfa, ɗan kokawa da aka sani a fada, kuma sarki na ji da shi. Ya san sarai abin da ya ci Mukasa. Duk da haka ya ɗauki aikin daga inda aka bar shi, ya ci gaba da kare yaran har wata 6.

Ƙarshen watan Mayun 1886 abin ya fashe a Munyonyo, masaukin sarki na bakin tafki. Mwanga ya dawo daga farauta ya nemi yaransa bai same su ba, ya ji cewa wani mai suna Denis Ssebuggwawo yana koya wa ɗan'uwansa bafade karatun addini, sai ya sassoke shi da mashi ya miƙa shi ga hauni. A daren nan Lwanga ya tara masu koyon addinin da ba a yi wa baftisma ba ya yi musu da hannunsa, ciki har da Kizito, autan cikinsu, wanda bai wuce shekara 14 ba. Da gari ya waye sarki ya tara fada ya ce masu addu'a su ware gefe guda. Lwanga ne ya fara miƙewa, riƙe da hannun Kizito. Aka tambaye su ko za su bari, suka ce ba za su bari ba. Aka ɗaure su aka kora su a ƙasa zuwa Namugongo, filin da masarauta ke zartar da kisa, aka kashe wasu a hanya. Kusan mako guda suna tsare ana tara itace. Ranar 3 ga Yuni aka ware Lwanga shi kaɗai, aka hura masa wuta daga ƙafa a hankali don azabar ta daɗe; sauran aka naɗe su cikin zanar kara aka jera a kan tarin itace ɗaya, Katolika da Angilika a haɗe. Labarin nan yana da shaidun gani da ido, domin akwai yaran da aka kai har bakin wutar sannan aka yi musu afuwa, suka rayu suka ba da bayani a gaban masu bincike. Waɗanda aka tabbatar da sunayensu tsakanin 1885 da 1887 su ne 'yan Katolika 22 da 'yan Angilika 23. Paparoma Paul na 6 ya ayyana 22 ɗin waliyyai ranar 18 ga Oktoba 1964, bai kuma manta da ambaton na Angilikan ba.

Idan ana ba da labarin nan, hankali yakan tafi ga wutar. Ni a ganina mafi girman jarumtar Lwanga tana cikin watanni 6 ɗin da suka gabaci wutar. Ku duba inda mutumin yake tsaye. A samansa akwai sarki mai iko da ransa, a ƙarƙashinsa akwai yaran da iyayensu suka miƙa wa fada. Sarki ba ya tashi da kansa ya shiga ɗakin yara ya jawo wanda yake so. Aike yake yi, aiken kuwa ta hannun Lwanga zai bi. Haka zalunci yake a ko'ina. Mai iko yana buƙatar mai kai saƙo, da mai buɗe ƙofa, da mai rubuta suna a takarda, da mai kau da kai. Ba a nemi Lwanga ya aikata laifin da kansa ba. Abin da aka nema a wurinsa ya fi haka sauƙi, shi ya sa ma ya fi saurin cin zuciya: ya bar abu ya wuce ta gabansa, ya ce shi ɗan aike ne, ɗan aike kuwa ba ya laifi. Da ya yi haka da ya tsufa cikin daraja, wataƙila har ya yi hakimci, ba kuma mai zarginsa a Bugandar wancan zamani. Ya ƙi. Wannan ƙin da ya riƙa maimaitawa kullum a ɓoye, ba mai gani balle yabo, shi ya kai shi Namugongo. Imaninsa kuwa shi ya ba shi idon da ya gane cewa Kizito, ɗan yaron da ba shi da ta cewa a fada, yana da Ubangijin da ya fi Kabaka, kuma akwai ranar da za a tambayi makiyayi game da abin da aka ba shi kiwo.

Wani dattijo zai ce, ai mu an rene mu a kan cewa bin na gaba bin Allah ne. Ina tarbiyya ga bafaden da ya ci tuwon ubangidansa sannan ya bijire masa? Maganar tana da nauyi, domin garin da kowa ya zama sarkin kansa ba ya zaunuwa, mu da muka ga yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ba sai an ba mu labari ba. Amma a duba abin da Lwanga ya yi da wanda bai yi ba. Ɗan kokawa ne mai jama'a, a cikin fada yake kwana, ya san shiga da fitar gidan sarki. Bai haɗa tawaye ba, bai sa wa sarki guba ba, bai tsere wata masarauta ya dawo da mayaƙa ba. Duk hidimar da ta halatta ya ci gaba da yin ta har ranar da aka ɗaure shi. Abu ɗaya ya cire daga biyayyarsa, shi ne wanda ya san saɓon Allah ne. Malamanmu ma haka suka karantar: biyayya ga shugaba tana da iyaka, iyakarta kuwa inda umarninsa ya ci karo da na Mahalicci. Karin maganar bin na gaba an gina ta ne bisa zaton cewa na gaban shi ma yana bin hanya. In ya saki hanya ya doshi rami, wanda ya ja tunga a bayansa ya fi mai bin sa ƙaunarsa. Mukasa ma, kafin a kashe shi, shi ne ya taɓa tona wa Mwanga maƙarƙashiyar da wasu manyan fada suka ƙulla don kawar da shi. Sarkin ya hallaka mafi amincin bayinsa, ya bar masu yi masa daɗin baki.

Akwai tuhumar da ta fi wannan ƙarfi, kuma a Yuganda kanta ana yin ta har yau. Masu ita suna cewa Mwanga sarki ne da ya hangi Turawa na rarraba Afirka, ya ga Jamusawa sun kafa ƙafa a gabashin nahiyar a 1885, ya kuma yi zargin yaran fadarsa na kai sirrinsa gidan baƙi. Tsoronsa yana da tushe. Shekara 4 bayan wutar Namugongo wani hafsan Ingila ya iso Buganda da bindiga mai ruwa, sunansa Frederick Lugard. Bahaushe ba ya buƙatar a gabatar masa da shi: sojojinsa ne suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya jawo jama'a gabas har aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Wasu daga cikin masu jin muryata jikokin wannan hijira ne. A 1894 Buganda ta shiga hannun Ingila, Mwanga ya yi yaƙi, aka kama shi a 1899, ya mutu a tsibiran Seshel a 1903. Haka kuma bayan shahidan, Kiristoci da Musulmin Buganda sun ɗauki bindiga sun tumɓuke Mwanga a 1888, sun koma sun yaƙi juna, har Katolika da Angilika suka gwabza a Mengo a 1892. Wannan tarihi ba abin alfaharin kowa ba ne. Amma bai wanke Mwanga daga abin da yake nema wurin yara ba, bai kuma mai da ɗan shekara 14 ɗan leƙen asiri ba. Sannan ga hujjar da masu tuhumar kan tsallake: daga ƙarshen 1882 zuwa tsakiyar 1885 limaman Katolika Turawa ba sa Buganda sam, sun ƙaura kudancin tafki. Su Mukasa ne suka riƙe karatun a tsakaninsu, kuma da Turawan suka dawo sun tarar jama'ar ta ƙaru. Shukar da ta yi ganye mai ita ba ya kusa, ta riga ta kama ƙasa.

Sai tambayar da na san tana zukata da yawa: mu Musulmi, me ya haɗa mu da waliyyin Nasara? Ba na kiran kowa ya bar aƙidarsa. Bambancin da ke tsakanin addinan nan na gaske ne, rufe shi da romon baka kuwa raina hankalin kowa ne. Abin da nake cewa shi ne, tun kafin a hura wa Lwanga wuta, ƙasar Namugongo ta riga ta ci Musulmi. Kimanin shekara 10 kafin nan Kabaka Mutesa yana salla yana azumi, har limanci yake yi a fada, amma bai yi kaciya ba, domin al'adar sarautar ta hana a zubar da jinin sarki. Da wasu Musulmi suka zo daga arewa, ta wannan ɓangare namu na Masar da Sudan, suka yi gyara, sai samarin fada suka daina bin sa salla, suka ƙi cin yankan mahautansa. Mutesa ya sa aka kashe su, kimanin 70 aka ƙone a Namugongo. Laifinsu shi ne dai laifin su Lwanga: yaron fada ya ce akwai umarnin da ya fi na sarki. Mu ƙara komawa baya. Wajen shekara ta 523 sarkin Himyar na Yaman, Zu Nuwas, ya haƙa rami a Najran ya cika shi da wuta ya jefa Kiristocin garin da suka ƙi barin addininsu. Shugabansu Harisu, wanda Ikilisiya ke kira Aretas, yana cikin kundin shahidan Katolika, ana tunawa da shi ranar 24 ga Oktoba. Da yawa daga malaman tafsiri sun ce su ne mutanen ramin da Suratul Buruj ta ambata, surar da yaranmu ke wankewa a allo tun ba su kai shekarun Kizito ba. Sarkin da ya ƙetare Bahar Maliya ya ɗaukar musu fansa, Kaleb, daga Aksum ya taso, cikin Habashar nan ta tsallaken iyakarmu, ƙasar da daga baya Najjashi ya ba sahabbai mafaka. Girmama wanda aka ƙone don ya ƙi sayar da imaninsa tsohon abu ne a gidan Musulmi.

Tuhumar da ta fi taɓa ni ita ce ta iyaye mata. Uwa za ta ce, mun gaji da binne samari, kowane mai bindiga yana kiran matattunsa shahidai, yanzu kuma a rediyo ana yabon wanda ya ja yara zuwa wuta. Ba gara a koya musu cewa faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa ba? Uwar nan ta yi gaskiya a kan cewa kalmar shahada ta sha wahala a bakin mutane. Da ita aka ɗaura wa 'yan mata bam a Maiduguri, da ita aka kwashi ɗalibai zuwa fagen yaƙi a ƙasar nan. Shi ya sa tilas a tsaya a kan ma'anarta. A ƙa'idar Katolika ba a kiran mutum shahidi sai an tabbatar an kashe shi saboda ƙiyayya ga imaninsa, ko ga wani halin kirki da imanin ya ɗora masa, kuma ya karɓi mutuwar ba tare da ya je nemanta ba. Wanda ya mutu yana ƙoƙarin kashe wani ba ya cikin wannan sahu. Tun ƙarni na 5 Agustin, malamin Ikilisiya ɗan Arewacin Afirka, ya karantar cewa dalilin mutuwar ake dubawa, zafin azaba shi kaɗai ba ya mai da kowa shahidi. Binciken ma ba a yin sa da gaggawa, shekara 78 aka ɗauka tsakanin wutar Namugongo da ayyana su waliyyai. Lwanga wata 6 ya yi yana kauce wa mutuwa da dabara, yana mai da faɗan wasa iyakar iyawarsa, sai ranar da aka tsare shi da tambayar da ba ta da amsa ta uku. Kada kuma a mai da labarinsa bulalar dukan waɗanda suka ɓuya. Kiristocin Buganda da yawa sun ɓuya, su ne ma suka riƙe addinin bayan wutar ta mutu. A tarihin Musulunci gida ɗaya ne ya fitar da Yasir da Sumayya da suka mutu cikin azaba, da ɗansu Ammar da aka matsa wa har ya furta abin da ba ya zuciyarsa, ba a kuma kore shi ba.

Irin wannan tsayuwa ba ta ƙare da zamanin sarakunan da ba. Daren 8 ga Janairu 2020 'yan bindiga sanye da kakin soja suka shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau, kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, suka tafi da ɗalibai 4. Uku sun dawo. Na huɗun, Michael Nnadi, maraya ɗan shekara 18 daga yankin cocin Sakkwato, gawarsa aka samu. Aka binne shi ranar 11 ga Fabrairu, Bishop Matthew Hassan Kukah ya yi wa'azin jana'izar. Bayan 'yan watanni, wanda 'yan sanda suka kama a matsayin jagoran gungun ya shaida wa wata jaridar Nijeriya cewa yaron ya hana shi sakat, yana ta yi masa wa'azi yana gaya masa ya bar mugun aikinsa, shi ya sa ya kashe shi. Ikilisiya ba ta ayyana Michael waliyyi ba, kuma wani zai ce masu garkuwa kuɗi suke nema, ai yawancin waɗanda suka hallaka a Zamfara da Katsina Musulmi ne manoma. Haka ne. Abin lura dai shi ne yaron da ke ɗaure a daji, ko sanda babu a hannunsa, ya ɗauki mai bindigar a matsayin ɗan Adam da za a yi wa hisabi, wanda ya cancanci a gaya masa gaskiya. Mai garkuwa ya saba da kuka da magiya da alkawarin kuɗi. Kiran tuba daga bakin wanda ya ɗaure ne ya kasa jurewa.

Ba kullum tsayuwar ke ƙarewa a kabari ba. A watan Yunin 2018, lokacin da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, wani limami ɗan shekara 83, Malam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya shigar da Kiristoci 262 da suka gudo. Maharan suka zo suka ce ya fito da su. Ya ƙi, ya yi ta roƙonsu, har ya miƙa nasa ran a madadin na baƙinsa. Suka juya. Wurin da liman ya tsaya ran nan shi ne wurin da Lwanga ya tsaya: bakin ƙofa, mai ƙarfi a waje, amana a ciki. Ɗaya Allah ya kuɓutar da shi, ɗaya aka ƙone shi, amma shawarar da suka yanke ɗaya ce, kuma lokacin da kowannensu ke yanke ta bai san inda za ta kai shi ba.

To mu dawo gida. Ƙasar nan ta kan iyaka ta san mutuwar masu riƙe da makami. A Matamma, tsallaken Galabat, Sarkin Habasha Yohannes na 4 ya faɗi a yaƙi da Ansar, mabiya Mahadi, a 1889, shekara 3 kacal bayan Namugongo, an kuma rubuta wannan a littattafai. Jarumtar da ba a cika rubutawa ba ita ce ta mutumin tsakiya, ga shi kuwa yankinmu cike yake da irinsa. Tun ƙarshen 2020 mutane suka kwararo daga Habasha zuwa sansanonin Um Rakuba da Tunaidba, tun 2023 kuma 'yan'uwanmu daga Khartum da Jazira da Sinnar suka cika makarantu da gidajen Gadarif. Duk inda aka tara marasa galihu haka, akwai mai riƙe da takardar sunaye da mai rabon buhu. Akwai wakilin gona da ke ɗaukar 'yan ƙwadago lokacin yankan riɗi, wanda ya san nawa aka yi alkawari nawa aka biya. Akwai malamin tsangaya da aka damƙa wa 'ya'yan mutane, da ƙaramin soja a shingen hanya, da direban da aka ce ya ɗauki yarinya ya kai ta wani gida kada ya yi tambaya. Yawancinsu abin da za su rasa in sun ƙi shi ne aiki, ko alfarmar wani babba. A wannan zamani na yaƙi kuma wani lokaci abin ya fi haka, ba zan ɓoye ba. Ba na raina wannan asara ga mai iyali. Amma direban da ya ce shi ɗan aike ne kawai, ya sani yarinyar da aka sa a motarsa ba ta ga fuskar wanda ya yi aiken ba, tasa ta gani.

A Namugongo ma akwai wani mutumin tsakiya na biyu, bai kamata a tashi ba a ambace shi ba. Sunansa Mukajanga, babban haunin sarki. Cikin yaran da aka kawo masa a ɗaure akwai Mbaga Tuzinde, ɗan shekara 17, yaron gidansa da yake kira ɗansa, ɗaya daga waɗanda Lwanga ya yi wa baftisma a daren Munyonyo. Mukajanga ba dutse ba ne. Ya roƙi yaron ya ce ya bari, ya yi masa tayin ɓoye shi, ya raba shi da sauran ya kai shi cikin dangi tsawon kwanakin da ake tara itace, ko hawayen gida zai karya masa zuciya. Ranar 3 ga Yuni aka dawo da Mbaga, abokansa suka tarbe shi da murna. Mukajanga yana da umarnin sarki a kansa, ga ɗansa a gabansa, kuma ya fi kowa sanin abin da ake yi wa haunin da ya saɓa. Iyakar abin da ƙaunarsa ta iya shi ne ya sa aka ja yaron gefe, aka buge shi da kulki a ƙeya don kada ya ji zafin wuta. Sannan aka ɗauko gawar aka ɗora a kan itacen tare da sauran, aka cinna.